Takardun Iyalin Post: Abin da Kundin Attajira Yake Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ma'adanar takardun tarihi yana bincike ya san cewa ba kowane mutum ne yake barin takarda a bayansa ba. Talaka yakan zo duniya ya koma, in an yi sa'a a tsinci sunansa a rajistar haraji ko a littafin kotu, shi ke nan. Mai dukiya kuwa yana da akawun da zai rubuta masa, da ɗakin da zai ajiye abin da aka rubuta, da magadan da za su kai ajiyar inda gara ba za ta ci ba. Saboda haka idan masana suka zo rubuta tarihin wani zamani, sau da yawa muryar masu hali ce take cika musu kunne, domin ita ce aka adana.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba misali guda ɗaya na irin wannan ajiya, watau takardu da hotunan Marjorie Merriweather Post, wadda ta rayu daga 1887 zuwa 1973, kuma a zamaninta ana lasafta ta cikin matan da suka fi kowa dukiya a Amurka. Za mu fara da taƙaitaccen tarihinta, sa'an nan mu bayyana inda takardun suke da irin abin da suka ƙunsa, daga bisani mu gwada su a kan al'amura uku na rayuwarta: kamfanin da ta gada, da zamanta a Mosko, da ma'aikatan gidajenta. Abin da ake son nunawa shi ne, irin wannan kundi shaida ce wadda mai ita ta shirya da hannunta, kuma amfaninsa ga mai bincike ya fi yawa a wuraren da ba a yi nufin ya yi magana ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Marjorie ranar 15 ga Maris 1887 a Springfield ta jihar Illinois. Ita kaɗai ce 'yar Charles William Post da matarsa Ella Merriweather. Mahaifin nata ɗan kasuwa ne mai yawan laulayi. Cikin 1891 ya tafi neman lafiya a garin Battle Creek na jihar Michigan, a gidan jinyar da Likita John Harvey Kellogg yake shugabanta, inda ake hana majinyata nama da kofi, a ɗora su a kan abincin hatsi. Abin da ya gani a can shi ya mayar sana'a. Cikin 1895 ya fara sayar da Postum, wani abin sha da ake yi da gasasshiyar alkama da dusa da maɗin rake, ana shansa maimakon kofi, cikin 1897 kuma ya fito da abincin karin kumallo mai suna Grape-Nuts. Da ƙarfin talla a jaridu, kafin shekara goma ta cika ya zama hamshaƙin attajiri.

Cikin Mayu 1914 Post ya kashe kansa bayan doguwar rashin lafiya, 'yarsa ta gaji kamfanin tana da shekara 27. Ta yi aure sau huɗu: da Edward Close daga 1905 zuwa 1919, da Edward F. Hutton daga 1920 zuwa 1935, da Joseph E. Davies daga 1935 zuwa 1955, da Herbert May daga 1958 zuwa 1964. Kowane auren da saki ya ƙare, a ƙarshe ta koma amfani da sunan gidan ubanta. Ta haifi 'ya'ya mata uku, autarsu ita ce 'yar wasan fim da aka sani da suna Dina Merrill.

A shekarunta na ƙarshe gidaje uku take zagayawa bisa yanayin shekara. Da hunturu tana Mar-a-Lago a Palm Beach ta jihar Florida, gidan da aka gina tsakanin 1924 da 1927. Da zafi tana Topridge, wani masauki mai gine-gine fiye da 60 a cikin duwatsun Adirondack na jihar New York. Tsakanin waɗannan lokatai biyu kuwa tana Hillwood, gidan da ta saya a birnin Washington cikin 1955. A nan ta rasu ranar 12 ga Satumba 1973.

3.0 Inda Takardun Suke da Ire-irensu

Ajiyar ba a wuri ɗaya take ba. Babban kaso yana ɗakin adana tarihi na Bentley a Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, da sunan takardun iyalin Post, waɗanda suka kama daga 1882 zuwa 1973. A nan aka haɗa takardun uba da na 'ya: wasiƙu, da harkokin kasuwanci, da manyan littattafan da ake manna yankakkun jaridu da katunan gayyata, da kundayen hotuna, da finafinan gida. Kaso na biyu yana Hillwood, wanda ya zama gidan adana kayan tarihi tun 1977. A can ne ake samun takardun da suka shafi kayan ado da na fasaha da ta tara, da yadda ake tafiyar da gidan. Kaso na uku ba nata ba ne, amma ba a fahimtar nata sai da shi, watau takardun mijinta na uku Joseph Davies, waɗanda suke Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a Washington.

Idan aka lura za a ga shaidun sun kasu iri uku. Iri na farko shi ne abin da aka shirya don a gani: kundin hotuna, da littafin manne-manne, da fim ɗin biki. Wani ne ya zaɓi hoton da za a manna da wanda za a yar, ya kuma rubuta bayanin da ke ƙarƙashinsa. Iri na biyu shi ne abin da aka rubuta don aiki kawai: rasit, da takardar ciniki, da jerin kayan ɗaki, da jerin sunayen baƙi, da tsarin abincin da za a dafa. Wanda ya rubuta waɗannan bai yi tunanin wani malami zai karanta su bayan shekara 70 ba, don haka bai yi musu kwalliya ba. Iri na uku shi ne ruwayar baki, watau abin da ita kanta ko 'ya'yanta ko tsofaffin ma'aikatanta suka faɗa daga baya, aka rubuta. Aikin mai bincike shi ne ya riƙa gwada kowane iri da sauran biyun, kamar yadda za mu gani.

4.0 Gwaji na Farko: Kamfani

Ko da yake Marjorie ita ce mai mafi yawan hannun jari tun 1914, al'adar kasuwancin wannan zamani ba ta yarda mace ta zauna a hukumar daraktoci ba. A tuna cewa sai cikin 1920 ne tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa mata ikon jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar. Don haka maza ne suka riƙa wakiltarta, da farko Close, daga baya Hutton, wanda ya zama shugaban hukumar cikin 1923. A hannunsa ne kamfanin ya shiga sayen wasu kamfanoni: Jell-O cikin 1925, Maxwell House cikin 1928. Wannan na biyun kuwa kamfanin kofi ne, abin da Post ya tara dukiyarsa da kushewa. Cikin 1929 aka sayi kamfanin Clarence Birdseye, mai fasahar daskarar da abinci cikin sauri, a kan dala miliyan 22, aka sauya wa kamfanin suna zuwa General Foods. Sai cikin 1936, bayan rabuwarta da Hutton, ta hau kujerar darakta da kanta, ta riƙe ta har 1958.

To, a nan matsalar shaida take. Labarin da ya yaɗu shi ne wai ita ce ta fara cin naman dinya da aka daskarar a jirginta na ruwa, ta ga amfanin abin ga matan gida, ta yi ta matsa wa mijinta har shekara uku kafin ya yarda a saya. Wannan labari ruwayar baki ce daga ɓangarenta, kuma akwai marubutan da suke shakkarsa. Takardar aiki kuwa ba za ta iya yanke hukunci ba, domin wadda ba ta da kujera a wurin taro ba ta da suna a rahoton taron. Abin da takarda ta tabbatar shi ne shekara da farashi da sunayen mazan da suka sa hannu. Wanda ya dogara da rahoton hukuma kaɗai zai ce matar ba ta yi kome ba; wanda ya dogara da ruwayar gida kaɗai zai ce ita ta yi kome. Hanyar tsakiya ita ce a bayyana cewa shirun takarda game da mace a irin wannan matsayi tsarin ofis ne ya haifar da shi, sa'an nan a nemi sawunta a wasiƙu da jerin mutanen da take gayyata gidanta, domin a teburin cin abincinta ne take ganawa da mazan da suke zama a waccan hukuma.

5.0 Gwaji na Biyu: Zaman Mosko

Shugaba Franklin Roosevelt ya naɗa Davies jakadan Amurka a Tarayyar Sobiyat, suka isa Mosko cikin Janairu 1937, suka bar ta cikin Yuni 1938, daga nan aka tura shi Beljiyam. Wannan ɗan zama na shekara ɗaya da rabi shi ne ya fi kowane sashe na rayuwarta jawo hankalin masana, saboda dalilai biyu.

Dalili na farko shi ne kayan Rasha. Hillwood na cikin wuraren da suka fi tara kayan fasahar zamanin sarakunan Rasha a wajen ƙasar, kuma an daɗe ana cewa a Mosko ta kwashe su da araha lokacin da gwamnatin Stalin take sayar da kayan fada da na majami'u don samun kuɗin waje. Akwai gaskiya a ciki: ita da mijinta sun sayi tangaran da hotunan ibada da rigunan limaman coci da ƙoƙunan azurfa a shagunan gwamnati da ɗakunan ajiyarta, wasu ma bisa nauyin azurfarsu aka yi cinikinsu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ma'aikatan Hillwood suka bi tarihin kowane abu ɗaya bayan ɗaya ta takardun ciniki, sai ya bayyana cewa ƙaramin kaso ne kawai aka saya a Mosko, mafi yawa a Turai da Amurka aka same su, wurin dillalai da gidajen gwanjo. Alal misali, tana da biyu daga cikin ƙwayayen ado na zinariya da maƙerin fada Fabergé yake yi wa sarakunan Rasha don bikin Ista. Ɗaya, wanda aka ƙera cikin 1914, 'yarta Eleanor ce ta saya mata kyauta cikin 1931, shekara shida kafin ta taka Mosko. Ɗayan kuma cikin 1949 ta saya. Kambin lu'ulu'u da amaren gidan sarautar Rasha suke sawa ranar aure kuwa an yi gwanjonsa a Landan tun 1927, bai shiga hannunta ba sai 1966. A nan rasit ya gyara labari. Bai wanke cinikin daga tambaya ba, domin asalin kayan ƙwace ne daga fada da coci da gidajen mutane bayan juyin juya halin 1917, ko ta hannun wa suka biyo. Sai dai ya nuna cewa kasuwa ce babba mai dillalai a birane da dama, wadda ta fara kafin zuwanta ta kuma ci gaba bayan tafiyarta.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Shekarun 1937 da 1938 su ne ƙololuwar kisan gillar Stalin, kuma bayanan hukumar tsaron Sobiyat da kanta, waɗanda aka buɗe bayan rushewar Tarayyar, sun nuna an harbe mutum fiye da 680,000 a cikin waɗannan shekaru biyu. Davies ya halarci shari'o'in nuni da aka yi wa manyan jam'iyya cikin Janairu 1937 da Maris 1938, ya kuma karkata ga cewa waɗanda ake tuhuma suna da laifi, alhali ƙwararrun ofishinsa, irin su George Kennan wanda ya yi masa tafinta a kotun, ba su yarda da haka ba. Ra'ayin nan nasa ya fito a littafinsa Mission to Moscow na 1941, wanda aka mayar fim cikin 1943. Kundin hotunan uwargidan jakada kuwa aikinsa shi ne ya nuna gidan jakada da liyafa da ziyarce-ziyarce. Ba a manna hoton kurkuku a irin wannan littafi. Amma masu rubuta tarihinta sun ruwaito cewa daga baya ta ba da labarin yadda take jin ƙarar harbi da dare, mijinta yana ce mata aikin haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ne. Wannan 'yar ruwaya ta baki ita ce ta buɗe abin da kundi ya rufe. Mai binciken da ya ɗauki shirun hotuna a matsayin rashin sani ya yi kuskure. Shirun yana nuna iyakar abin da aka yarda a ajiye ne.

6.0 Gwaji na Uku: Ma'aikata

Gidaje uku da jirgin ruwa da jirgin sama ba sa tafiya sai da hannuwa masu yawa: kuku, da masu hidimar tebur, da masu wanki da guga, da direbobi, da masu lambu, da matuƙa, da sakatarori. A irin waɗannan kundaye na masu hali, ma'aikaci in ya fito a hoto a gefe yake fitowa, cikin kayan aiki, riƙe da faranti, kuma galibi ba a rubuta sunansa a ƙasa. Amma takardar aiki ba ta iya mantawa da shi, tun da sai an biya shi, an ɗinka masa riga, an ba shi ɗaki, an faɗa masa ranar tashi daga wannan gida zuwa wancan. Da irin waɗannan takardu, haɗe da hira da tsofaffin ma'aikata, Estella Chung ta Hillwood ta rubuta littafinta na 2013 a kan yadda ake gudanar da gidajen nan uku. Ajiyar da aka yi don tunawa da mutum ɗaya ta zama hanyar sanin rayuwar mutane masu yawa waɗanda ba su bar kundi nasu ba.

Har wa yau, haɗa takardun uba da 'ya a wuri ɗaya ya ba da wata dama. Post ya yi fice wajen gaba da ƙungiyoyin ƙwadago, ya kashe kuɗi masu yawa yana sukarsu a jaridu, cikin 1905 kuma ya shugabanci wata ƙungiyar masu masana'antu da aka kafa don yaƙarsu. A lokaci guda ya gina wa ma'aikatansa gidaje a Battle Creek, ya kuma kafa gari sukutum a jihar Texas cikin 1907, wanda har yau da sunansa ake kiransa. 'Yar tasa kuwa ta ɗauki nauyin wani asibitin sojojin Amurka a Savenay ta ƙasar Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan lokacin karayar tattalin arziki da ta biyo bayan 1929 ta buɗe wurin ciyar da mata da yara kyauta a unguwar matalauta ta New York. In an karanta biyun tare, za a ga akwai aƙida ɗaya da ta ratsa gidan: mai dukiya ya yi alheri gwargwadon ganin damarsa, shi ne kuma mai faɗin yawansa da lokacinsa. Kundin 'yar kaɗai zai nuna kyauta. Sai an haɗa da na uban ake ganin sharaɗin da ke ƙarƙashinta.

7.0 Kammalawa

Marjorie Post ta yi shiri sosai don a tuna da ita. Tun 1958 ta ɗauki masani Marvin Ross aikin tsara kayanta da rubuta bayaninsu. Ta yi wasiyya da Hillwood ga cibiyar Smithsonian, da Mar-a-Lago ga gwamnatin tarayya don ya zama masaukin shugaban ƙasa da manyan baƙi, da Topridge ga jihar New York. Ba ko ɗaya da ya tafi yadda ta tsara. Smithsonian ta mayar da Hillwood ga asusun iyalin cikin 1976 saboda tsadar kula da shi, asusun ne ya buɗe shi ga jama'a cikin 1977. Gwamnati ta mayar da Mar-a-Lago cikin 1981 saboda dalili irin wannan, cikin 1985 aka sayar wa Donald Trump, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Topridge ma ya koma hannun masu zaman kansu. Akwatunan takardu, waɗanda su ne mafi arha a cikin duk abin da ta bari, su ne suka zauna inda aka ajiye su.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji uku ga mai nazarin irin wannan ajiya. Na ɗaya, kafin a tambayi abin da takarda ta faɗa, a tambayi wanda ya rubuta ta, da wanda aka rubuta don ya gani, da wanda ya zaɓi a ajiye ta. Na biyu, kada a raina rasit da jerin kaya saboda ba su da daɗin karatu, domin su ne suka fi nisa daga son burgewa. Na uku, inda kundi ya yi shiru a kan abin da aka san ya faru a gaban mai shi, a rubuta shirun a matsayin shaida, a kuma nemi cikonsa wurin waɗanda suka yi hidima a gidan tun suna da rai. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma haka ne. Amma malamin tarihi sai ya saurari 'yan amshi da makaɗa kafin ya ce ya ji waƙar duka.